Wane irin tiyo zan saya na ruwan sha a Kostar da na mayar ɗaki?

Mai Kosta, Hotoro

Assalamu alaikum jama'a, an wuni lafiya, ya fama da zafi. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar ruwa, musamman falambobi.

Bara na sayi tsohuwar Kosta, na cire kujerun baya na bar layi biyu kawai, kafinta ya yi min gado da ƴar durowa, aka sa ɗan sinki da wajen ɗora tukunyar gas, sai sola biyu a sama da batir. Irin gidan nan ne na cikin mota da ake gani a ƙasashen waje, ni dai tun ina saurayi nake da burin in ɗebi iyalina mu je mu ga ƙasa ba tare da fargabar ina za mu kwana ba. A ƙarƙashin gadon akwai tankin ruwa mai cin lita 200 da ɗan injin turo ruwa mai aiki da batir 12V zuwa sinkin.

Satin da ya wuce muka yi gwajin farko, muka je Tiga kwana ɗaya. Kafin mu tashi na jawo koren tiyon nan da muke ba shuka ruwa muke wanke mota da shi, na cika tanki da ruwan bohol ɗin gidanmu, wanda shi muke sha shekara da shekaru ba mu taɓa jin komai ba. Wlh muna isa uwargida ta dafa shayi, kurɓa ɗaya ta ajiye kofin, warin roba kawai yake, har a harshe kana jin wani bauri-bauri. Yara ma suka ƙi sha, kuma abin da ya fi tayar min da hankali ƙaramar shekararta 2, kafin mu ankara an riga an haɗa mata madara da ruwan ta shanye. Alhamdulillah ba ta yi komai ba amma har yau abin bai fita raina ba. Ƙarshe ruwan leda muka saya, na tanki ya koma na alwala da wanke-wanke.

To hutun Disamba in Allah ya kai mu Yankari nake so mu je, kwana huɗu ko biyar, kuma dole in ƙara ruwa a hanya ko a can. Tambayata ita ce shin da gaske akwai tiyo na musamman na ruwan sha ko duk roba roba ce, in akwai ina ake samu a Kano, haf inci zan ɗauka ko tirikwata, tsawon nawa ya isa, sannan farin nan garai-garai da ake ganin ruwa ta cikinsa wani ya ce min shi ne mai tsafta, gaskiya ne? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Falamban Ɗorayi

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri a motar, ya tsare hanya, ya raya mana yarinya.

Ba duk roba ce ɗaya ba ko kaɗan. Shekara 19 ina wannan aiki kuma abin da ya same ka na sha gani a gidajen mutane, a ce ruwan gida ya lalace a kira mai bohol a yi ta kashe kuɗi, ashe tiyon da ake cika randa da shi ne. In ka shiga Ƙofar Ruwa ko France Road za ka tarar da tiyo kala-kala a naɗe kamar gammo, akwai kore da ruwan ɗorawa na ban ruwan fulawa, akwai baƙin nan mai kauri da masu noman rani ke ja a Kura da Kadawa, akwai farin garai-garai, akwai mai zare a saƙe a cikin jikinsa, sai na gas. Mafi yawan masu arha ɗin nan da tsohuwar roba ake yin su, wadda ƴan jari bola suka tsinto aka niƙa aka narka, tsohon silifas ne, bawon wayar wuta ne, komai ma, ba wanda zai iya rantse maka me ya shiga ciki. Baƙin ma ka shinshina bakinsa a shago, tun ba a zuba ruwa ba za ka ji. Waɗannan ba don ciki aka yi su ba, don gona da kankare aka yi su.

Sannan ka tuna naka koren a ina yake wuni. A tsakar gida cikin rana, da ragowar ruwa a ciki, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ruwan da ya kwana a ciki ya dahu shi ne ya fara shiga tankinka.

Abin da za ka nema shi ne wanda aka buga rubutu a jikin tiyon kansa, ba a kwali ba, ba kuma a bakin mai shago ba. Rubutun yana tafiya tsawon tiyon yana maimaita kansa, za ka ga food grade ko drinking water, wani lokaci da ƴar alamar kofi da cokali mai yatsu. Kar ka ce wa yaron shago tiyon ruwa kake so don duk na ruwa ne a wajensa, ka ce masa wanda masu gidan fiya wata suke sa wa a injinsu, nan take zai gane kuma zai san ba baƙo ba ne kai. Masu sayar da kayan tace ruwa, su filta da kandir da sauransu, sun fi masu kayan gini ajiye shi. Kuɗinsa zai iya ninka na koren sau biyu ko uku amma ai ba mita ɗari za ka saya ba.

Maganar fari garai-garai, a'a Alhaji. Ranar farko yana da kyau a ido, amma duk inda haske ya ratsa ya tarar da ruwa gansakuka za ta fito, ka duba tiyon awon lebur na magina bayan wata guda ka ga yadda cikinsa ke yin kore. Ka samu wanda haske ba ya ratsa shi.

Girma kuma haf inci ya ishi cika lita 200 in ba sauri kake ba, tirikwata ya fi saurin cikawa amma nauyi gare shi da cin waje, a mota kuwa waje ai kuɗi ne. Akwai na tsakiya da ake rubuta 5/8, wato milimita 16, in ka same shi shi zan ce ka ɗauka.

Wani abu da ba ka tambaya ba, daga tanki zuwa sinki me aka ja maka? In tiyo ne irin wannan ka sa a cire, a ja maka fayif na PPR, koren nan da ake haɗawa da injin zafi, shi dama na ruwan sha ne kuma ba ya tsatsa. Gaɓa ɗaya kawai za a bari mai laushi kusa da injin 12V ɗin saboda jijjigar hanya kar ta tsaga haɗin, ita ma a sa mai kyau, a ɗaure da kilif na silba mara tsatsa, ban da waya ko robar tayar keke da wasu ke naɗawa.

Kafin ka biya kuɗin duka ka yanki mita ɗaya ka kawo gida, ka ɗauraye, ka cika da ruwa ka toshe baki biyun ka ajiye a rana daga hantsi zuwa la'asar, sai ka zuba a kofin gilas ka shinshina. In ya yi wari kar ka koma shagon.

Bakanon Amurka

Slm ƴan uwa. Yallabai mai Kosta gsky ka burge ni, rabona da gida shekara 6 amma jin an ambaci Tiga sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

A nan inda nake waɗannan motoci ba a magana, duk ƙarshen mako za ka gan su jere a babban titi, ni ma muna haya da iyali lokacin hutun yara, to abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne tiyon ruwan sha daban, tiyon komai daban. Na shan yawanci fari ne ko shuɗi, ba wai kalar ce ke tsaftace shi ba, an yi haka ne don kar hannunka ya kai kan na wanke tankin bayan gida bisa kuskure. Shi wancan baƙi ko ruwan lemo ake saya kuma ko akwati ɗaya ba a haɗa su.

Ƙari a kan abin da oga falamba ya faɗa, in za ka yi oda daga waje ko wani zai taho maka da shi, lambar da za ka duba ita ce NSF 61, ma'aunin da ake gwada duk abin da ruwan sha zai taɓa a ga me yake saki a ciki, sai NSF 372 da ke maganar yawan dalma. Tun watan Janairun 2014 dokar Amurka ta ce kayan famfon ruwan sha kar dalmar da ke ɓangaren da ruwa ke taɓawa ta wuce kashi 0.25 cikin ɗari, amma tiyon lambu ba a lissafa shi cikin kayan ruwan sha, shi ya sa ko a nan za ka ga an rubuta a kwalinsa kar a sha. In daga Ingila ne kuma WRAS za ka gani. Akwai wata cibiya a jihar Michigan, Ecology Center, da ta sha gwada tayoyin lambu, na ƙarshen da na karanta na 2016 ne, sun samu dalma da sinadarin da ake zuba wa robar PVC don ta yi laushi, wanda ake kira fitalet, a cikin da dama daga ciki. Abin da ya tsaya min a rai shi ne har cikin waɗanda aka rubuta wa na ruwan sha an samu wasu na PVC da wannan sinadari, waɗanda suka fita tas su ne na robar foliyuritan, a jikinsu za ka ga PU. Sun fi tsada amma ba su da nauyi kuma ba sa yin tauri kamar sanda da sanyin hunturu. In ba ka samu ba na kamfanin Camco farin nan shi ne kowa ke riƙewa a nan.

Amma ga inda mutane ke asarar kuɗi. Bakin tiyon Amurka tirikwata ne, bakin famfon gida Najeriya ma tirikwata ne, sai ka ɗauka za su hau juna, ba sa hawa. Namu na gida tsarin Ingila ne, haƙoran murɗinsa 14 a kowane inci, na Amurka 11 da rabi, zai kama zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in ka matsa ka ci haƙoran ya dinga yoyo. Ko dai ka haɗo da ɗan mahaɗin da ke sauya wannan zuwa wancan, ko ka yanke bakin falamba ya sa maka na gida. Kuma a kula da bakin da za a sa, don bakin tagulla mai arha shi ma dalma gare shi, ka ga an sayi tiyo mai tsada an ɓata shi da baki kenan. Na silba mara tsatsa ko na roba mai kyau ya fi.

Tsawo, a nan ƙafa 25 da ƙafa 50 aka fi sayarwa, wato kusan mita 7 da rabi da kuma mita 15. Ni shawarata gajeru biyu da mahaɗi a tsakani sun fi dogo ɗaya, yawancin lokaci ɗaya zai isa, ɗayan yana ajiye a bushe. Tiyo 5/8 mai mita 15 yana riƙe ruwa wajen lita 3 a cikinsa, kuma wannan ruwan ne ke kwanciya ya yi wari.

Za ka ga ana tallan ɗan ƙarfen rage ƙarfin ruwa tare da tiyon, ana saita shi wajen 40 zuwa 50 psi, wato ma'aunin ƙarfin turin ruwa da muke amfani da shi a nan, mu dole ne a nan saboda famfon wuraren kwana na iya fasa fayif ɗin mota. Ban sani ba ko kai kana buƙata, oga falamba ya fi ni sanin ƙarfin ruwan gida yanzu.

Falamban Ɗorayi

Ba ya buƙata yallabai. Shi zuba wa tanki zai yi ta sama, ba haɗa motar zai yi da layin ruwa kai tsaye ba. Kuma tankin sama na gida in tsayinsa mita 10 ne ƙarfin bai wuce bar ɗaya ba a ma'auninmu, wajen 14 psi a lissafinku, yawancin gidaje ma ba su kai rabin haka ba. Mu nan rashin ƙarfi ne matsalarmu. Sai dai in daga bakin sumo, injin da ke jawo ruwa a cikin bohol, zai ɗiba kai tsaye, to nan kar ya toshe bakin tiyon ko ya lanƙwasa shi inji na aiki. Maganar haƙoran nan kuwa gaskiya ce wlh, an sha kawo min kayan waje in ɗaura su ƙi hawa.

Direban Dogon Zango

Alhaji ni fa a ganina ka sauƙaƙa wa kanka. Shekara da shekaru muna Kano Legas, Kano Maiduguri, jarka biyu da buhun ruwan leda sun ishe mu. Ka sayi sabbin jarkoki masu lita 25 guda huɗu ka cika a gida na sha da girki kawai, na tanki a bar shi na wanka da alwala, kowane tiyo ma ya yi. Kuma ka sani daga ka wuce Birnin Kudu ka kama hanyar Ningi ba ko'ina za ka samu famfo mai bakin da za ka ɗaura tiyo ba, wani wajen famfon tuƙa-tuƙa ne wani wajen ƴan garuwa, don haka ka riƙe babban mazurari da bokiti mai tsafta ko da ka sayi tiyon zinare. Ka cika komai a cikin garin Bauchi kafin ka karya ta Dindima.

Maman Biyu, Tarauni

Assalamu alaikum. Ni a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, maganar yarinya ƴar shekara 2 ce ta sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Da farko Alhaji ka kwantar da hankalinka, sha ɗaya ba shi ne abin tsoro ba, abin da ake gudu shi ne a mayar da shi ruwan yau da gobe. Amma ina so in ɗan gyara wa baba falamba magana ɗaya, da girmamawa. Gwajin rana da ya faɗa yana da kyau, zai fitar maka da mafi muni, sai dai kar a ɗauka duk tiyon da bai yi wari ba ya tsira. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sauya kalar ruwa. Kuma tafasa ruwa ba ya cire ta, ƙwayoyin cuta yake kashewa, ita tana nan, in ma ruwan ya ƙone ya ragu sai ta ƙara yawa a abin da ya saura. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 10 ne na dalma a lita ɗaya, wato kashi 10 cikin miliyan na giram, ma'aunin ruwan sha na Najeriya ma haka ya ce, kuma hukumar ta ce ba a san wani adadi na dalma a jikin yaro da za a ce ba shi da illa ba. Yara sun fi manya tsotse ta a hanji kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali, ba ranar za ka gani ba. Mu ƴan Arewa ba baƙinta ba ne, kowa ya tuna 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba ina cewa tiyo zai yi irin wannan ba ne, ko kusa, tazarar tana da nisa sosai, ina dai so a daina auna lafiyar ruwa da hanci kaɗai. Don haka rubutun jikin tiyo da bakin da aka sa masa su ne abin dubawa na farko, wari na biyu.

Ga malam direba kuma, shawarar jarka tana da kyau kuma ni ma zan ce a ware wa ƙaramar nata ruwan daban. Amma a mota mai sinki da yara ba za ka iya tsare kowa ba, yaro zai buɗe ya kafa baki, za a wanke kofi, za a kuskure baki wajen alwala, uwargida za ta wanke salak da tumatir. Ruwan da ke fita a sinki a ɗauke shi ruwan sha ne kawai.

Abin da ya fi dalma saurin kwantar da mutum ma shi ne ƙazantar bakin tiyo. A ja shi a ƙasa ta gefen kwata, a naɗe a jefa bayan mota kusa da takalma da jarkar mai, gobe a zura wannan bakin cikin tanki. Amai da gudawa da taifot ta irin wannan hanya suke shiga. Kuma ruwa mai ɗumi da ya kwanta kwanaki yana yin wani yauƙi a jikin tiyo ta ciki, a nan ƙwayoyin cuta ke zama, zuba ruwa kawai ba ya ɗauke shi. To duk lokacin da aka gama a ɗaga tiyon a tsiyaye shi tas, a haɗa baki da baki a murɗa ko a sa murfi, a saka a jakarsa shi kaɗai a inuwa. In za a yi amfani da shi a bar ruwa ya zuba ƙasa kamar minti ɗaya ko biyu kafin a kai tanki, kuma a wanke bakin famfon da za a ɗaura a kai, ba ka san wa ya taɓa shi ba.

Wankin tanki da tiyo kafin tafiya ga yadda ake yi. Bilicin wanki mara turare, ka duba ƙarfinsa a jikin gorar. In kashi 5 ne cikin ɗari, mililita 1 ga kowace lita, wato mililita 200 a tankinka, in kashi 3.5 ne ka sa wajen 300. Kar ka zuba shi tsagwaronsa, ka gauraya a bokitin ruwa tukuna, ka cika tanki ta cikin sabon tiyon, ka buɗe sinki har ka ji warin ya fito ka rufe, a bar shi awa 4, a zubar, a ɗauraye sau biyu ko uku har warin ya tafi. Wannan na wanki ne fa ba na sha ba, kuma kar a haɗa bilic da wani maganin wanki. Na sa wa ruwan sha a hanya daban ne, irin su WaterGuard, a bi awon da aka rubuta a jiki a jira minti 30.

Sai tambayata gare ka Alhaji, duk mun taru a kan tiyo, shi tankin lita 200 ɗin wane iri ne? Sabo ka saya ko shuɗin duron nan ne na hannu? Don jin lita 200 ya sa gabana ya faɗi.

Mai Kosta, Hotoro

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku, ku yi haƙuri kwana uku ban leƙo ba ina ta zirga-zirgar abin ne.

Hajiya wlh kin canka, shuɗin duro ne na hannu, a bakin titi na saya, mai sayarwar ya ce kayan haɗa lemo aka kawo a ciki, na wanke da omo sau uku na ɗauka shi kenan. Da na karanta maganarki na cire shi na duba da fitila, akwai ragowar takarda a gefe da aka kankare, ba a iya karanta komai sai wata alama mai kusurwa huɗu da jan layi a gefenta, kamar ta gargaɗin haɗari. Ban tsaya bincike ba na fitar da shi daga lissafi, ko ban ruwan shuka ban yarda a yi da shi ba. Na yi gwajin oga falamba kuma, ruwan koren tiyo bayan wuni a rana ko kusa da hanci ba ya kaiwa, na duron da na cika da bokiti shi ma akwai ɗan wani wari daban, ashe su biyun ne suka haɗu a shayin.

Na samu tiyo a wajen masu kayan gidan ruwa, kamar yadda aka ce da na ambaci injin fiya wata sai yaron ya shiga ciki ya ɗauko wani daban da wanda ya fara nuna min. Shuɗi ne, haske ba ya ratsa shi, milimita 16, an buga food grade da alamar kofi a jikinsa duk bayan kamar mita guda, amma PVC ne ba PU ba kuma babu NSF ɗin nan. Na yanki mita 8 sau biyu, na sa bakin roba, ya wuni a rana bai yi wari ba. Zan fara da shi, ƙanin matata zai dawo daga Ingila kafin Disamba na ce ya duba min mai WRAS tunda haƙoransu ɗaya da namu. Ƙaramar kuma ruwan gora za a riƙe mata, mazurari da bokiti ma na saya malam direba.

Yanzu saura tanki. Sabbin da na gani a kasuwa duk masu tsayi ne na ɗorawa a sama, ba za su shiga ƙarƙashin gado ba, wurin ba shi da tsayi sosai. Wani mai walda a Ƙofar Ruwa ya ce zai ƙera min na silba daidai wajen, da shinge biyu a ciki don kar ruwa ya dinga tambal-tambal a kwana, amma ban san wane irin silba zan ce ya sa ba kuma da me zai yi haɗin. Oga falamba in kana kusa ranar Asabar bayan azahar ina so mu je tare ka gani kafin in ba da kafin alƙalami.